Shanu Sun Yi Arewa

A Garin Bawa, wani ɗan ƙauye da ke gefen Kwaya, idan aka ce maka shanu sun yi arewa, to albishir aka yi maka, kai kuma sai ka amsa da madalla. Ma'anar maganar ita ce ruwa ya sauka, an yi shuka, an janye garke daga bakin gonaki, sun bi burtali sun nufi Damargu inda ciyawa ke kaiwa gwiwa. Manomi ya samu kwanciyar hankali don babu ƙahon da zai shiga geronsa, makiyayi kuma ya san da kaka zai dawo da shanu suna sheƙi, su ci kara su zuba taki. Maganar ta zauna a bakin mutane har ta wuce kan shanu. Mace ta nemi ludayinta ta rasa, sai maƙwabciyarta ta ce mata cikin raha ai ya yi arewa, wato kar ki damu, zai dawo. Abin da ya yi arewa ba ɓata ya yi ba. Haka kowa ya tashi ya tarar, kuma babu wanda ya taɓa zama ya tambayi abin da zai faru ranar da arewar ta ƙi.

Habiba ce ta fara yin wannan tambaya, a daminar 1973, kuma da ta san irin amsar da za a ba ta da ta adana yawun bakinta.

Habiba mai tallar nono ce, mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ta dawo rugar yayanta Illo da ke yamma da garin. Mutanen rugar suna noma suna kiwo, kuma Illo ne ke kai garke arewa kowace shekara, nasa da na ƴan'uwa da na manoman gari da suka ba shi kiwo. A cikin shanu sittin da wani abu, guda ɗaya tak ce ta Habiba, wata jar saniya mai ɗigon fari a fuska, ana ce mata Farin Goshi. Jikar saniyar da uwar Habiba ta ba ta ce ranar da aka kai ta ɗaki. Tun tana maraƙa jaki ya taka mata wutsiya ta karye, Habiba ta ɗaure da tsumma da hannunta, ƙashin ya haɗe a karkace. Ƙawarta Ladi, matar wani manomi Maikuɗi, takan tsokane ta da cewa duk ƙasar Magarya babu mai saniya mai wutsiya kamar lauje sai ita. Habiba takan ce a bar mata laujenta, shi ke ci da ita.

A wannan shekarar Farin Goshi na da ciki, ƴar Habiba ma, Fadi, tana da cikin fari, ta dawo gida goyon ciki. A wajensu ba a yanka wa jariri ragon suna a bar shi hannu sake. Kaka takan nuna maraƙi ta ce wannan nasa ne, daga nan garkensa zai tashi. Habiba ta riga ta gama lissafinta, har ta tufka sabon maɗauri a jikin dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a kai. Ba ta kiran sunan Fadi don ƴar fari ce, sai dai ta ce yarinyar nan, amma duk wanda ya ga yadda take shafa cikin saniyar ya san wa take yi wa tanadi.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, mai kyau. Gari ya fita da kwando da sungumi, kafin kwana biyu an binne iri ko'ina. Mai shela ya zagaya ya ce maigari Bawa na gaishe da kowa, nan da kwana uku kar a ga kofato a bakin gona.

Ana gobe za a yi shelar ne Habiba ta ci kasuwar Sassumbrum. Can wani Buzu ya tsuguna gaban ƙwaryarta, rawaninsa ya koɗe, yana sayar da tabarmin ɗakin matarsa, abin da ba ta taɓa ganin Buzu ya kai kasuwa ba. Ta dama masa fura, ya sha, ya lashe ludayin. Da ta tambaye shi labarin ruwa sai ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce daga Tanut zuwa sama ko ɗigo bai sauka ba, bara ma abin da aka samu bai taka kara ya karya ba, rijiyoyi sun ja ƙasa, mushe ya kewaye bakinsu. Ya ce su suna gudowa kudu da abin da ya rage musu, in akwai mai shirin haurawa da dabbarsa can, to ya fara yi mata bankwana.

Ba ta sayar da sauran nonon ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta kamo hanya, ta tarar da Illo ƙarƙashin aduwa yana ɗinkin guga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa duk abin da ta ji, ta roƙe shi ya juya garken kudu bana, ko da shekara ɗaya ce.

Illo bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba. Mutum ne mai gaskiya, ba a taɓa kama shi da cin amanar ko akuya ba, amma idan ya kafe a kan magana ko turmi ya fi shi motsi. Ya ce kudu akwai ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito a bakin iyaka, akwai jangali, akwai gonaki manne da juna babu inda saniya za ta sa ƙafa, ga ƙudan da ke sa sammore. Ya ce Buzu mai sayar da tabarma dole ya ce duniya ta tashi.

"Yaya, mutumin nan daga can ya fito. Da idonshi ya gani."

"Ubanmu shekara arba'in yana kai shanu, bai taɓa juya wa arewa baya da damina ba. Ni ba zan fara ba don maganar kasuwa."

Da ta ga ba ta ci wannan ba, sai ta nemi ƙarami. Ta ce to a bar mata Farin Goshi a gida. Kowace shekara ana barin saniya ɗaya ko biyu a turke don nonon gida. Illo ya ce wadda ake tatsa ake bari, mai ciki tafiya take yi, haka dokar take tun kafin a haife su, kuma me za ta ba ta a turke, ƙasa? Habiba ta tafi wajen Maikuɗi, wanda ke da saura, filin da ya bari ya huta, a bayan gonar gyaɗarsa, ta roƙe shi ya bari ta ɗaure saniyar a can. Maikuɗi ya yi dariya irin ta wanda rumbunsa ke da sauran hatsi. Ya ce shi ma bijimansa biyu suna cikin garken, bai ji tsoro ba sai ita? Ta bar saniya ta yi arewa mana, ai gata ake yi mata.

Ta dawo gida tana huci. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu wanda ya ce maganarta ƙarya ce. Sun dai ji ta ne kamar yadda ake jin kukan kaza, a ce Allah ya sawwaƙe a ci gaba da hira.

Ranar tafiya da hantsi garke ya hau burtali. Farin Goshi ta bi su har bakin fadama, sai ta tsaya, ta juyo, ta kamo hanyar ruga da sassarfa. Aka koro ta. Aka yi gaba kaɗan ta sake ɓallewa. A karo na uku Illo ya zare igiya daga kafaɗarsa, ya ɗaure ƙahonta, ya haɗa da wuyan wani babban sa, san ya ja ta tana turjewa, karkatacciyar wutsiyar nan tana kaɗawa. Habiba na tsaye da ƙwarya a hannu. Ta ɗaga murya ta ce masa amana ce ta ba shi. Illo ya waiwayo ya ce ya sani, za ta gan ta da ranta, in kuwa Allah ya yi ikonsa za ta ga wutsiyarta.

Wannan ba baƙar magana ba ce, ƙa'idar kiwo ce. Wanda ya tafi da saniyar wani, in ta mutu a hannunsa, sai ya yanko wutsiyarta ya kawo wa mai ita, shaidar cewa mutuwa ta yi, ba sayarwa ya yi ba. Mai saniya ya karɓa, ya duba, magana ta ƙare.

Ruwan da ya sauka sau ɗaya bai dawo ba sai bayan kwana ashirin da wani abu, shi ma yayyafi. Gero ya fito ya kai idon sawu ya ƙone. Aka sake shuka, ta sake ƙonewa. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi baƙi, mutane su fito suna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Sai baƙi suka fara saukowa ta burtalin nan da shanu suka bi, mata da tsofaffi da jakuna masu ƙashin haƙarƙari a waje, suna tambayar hanyar Magarya inda aka ce kamyo, manyan motocin kaya, na sauke jar dawar agaji.

Duk da haka bakin mutanen Garin Bawa bai sauya ba. Baƙo ya tambayi ina garken rugar, a ce sun yi arewa, ya ce madalla. Suna kallon arewar tana zubowa a kansu da ƙafa, suna ci gaba da faɗin maganar kamar addu'a. Duk lokacin da Habiba ta ji sai ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Wata rana Ladi ta zo aron maburgi, Fadi ta duba ba ta gani ba, Ladi ta yi dariya ta ce shi ma ya yi arewa ke nan. Habiba ta ajiye taɓarya ta ce mata in ta sake faɗin wannan magana a gidan nan, to ta nemi wata ƙawar. Ladi ta fita sum-sum. Da yamma ta dawo da ɗan tsakin gero a ƙoƙo ta ajiye wa Fadi, ba wanda ya ta da zancen.

Wata huɗu cur babu labari. Cikin Fadi ya tsufa, saura kamar wata guda. Sabon maɗaurin nan na jikin dangwali ya yi ƙura, Habiba takan kakkaɓe shi in ta tabbata ba mai kallonta.

Ranar wata Talata da azahar Illo ya shigo gari. Da ƙyar aka gane shi. Shanu huɗu ne a gabansa, suna tafe suna haɗa ƙafa, a kafaɗarsa kuma buhu. Bai nufi ruga ba, ya wuce kai tsaye gindin tsamiyar ƙofar maigari, inda ake raba magana. Kafin a jima gari ya taru. Habiba ta iso da gudunta, ta dubi shanun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, babu ja a cikinsu.

Illo ya kwance bakin buhu ya zazzage a kan tabarma. Wutsiyoyi ne, busassu, sun yi tsibi. Ya riƙa ɗauka yana kiran suna, mai ita ya matso ya karɓa ya ce Allah ya mayar da alheri. Maikuɗi ya karɓi nasa biyu, ya juya su, ya koma ya zauna, yau babu dariya. Can wajen ƙarshe Illo ya ɗauki wata ja ya miƙa gefen da mata suke, bai ɗaga ido ba, ya ce ta Habiba.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta riga ta shirya wa wannan tun ranar kasuwar Sassumbrum, ta yi niyyar ta karɓa ta yi shiru ta tafi ta yi kukanta a ɗaki. Sai yatsunta suka bi wutsiyar daga sama zuwa ƙasa, suna neman inda ta taɓa ɗaurewa da tsumma. Suka sake bi. Wutsiyar miƙe take sambal kamar kara.

"Yaya, wannan ba ta Farin Goshi ba ce."

Maigari Bawa ya yi gyaran murya ya ce ta yi haƙuri, ranar yau ba ta bincike ba ce, kowa ya yi rashi. Habiba ta ce ranka ya daɗe, kowa an ba shi tasa, ita kaɗai aka ba ta wutsiyar saniyar da ba ta taɓa gani ba. Ta ɗaga ta sama ta ce ga Ladi nan, ta faɗa wa jama'a yadda wutsiyar saniyarta take. Ladi ta sunkuyar da kai ta ce a karkace take kamar lauje, kowa ya sani.

Aka fara gunaguni. Wutsiyar ƙarya a gaban maigari abu ɗaya take nufi, cin amana, kuma ba a taɓa jingina wa Illo shi ba. Habiba ta ga kalmar na yawo a bakin mutane, ta ga wuyan yayanta ya sunkuya, amma ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan. Ta ce ya faɗa mata wanda ya sayar wa.

Illo ya ce bai sayar ba. Ya ci gaba, muryarsa a dushe. Ya ce abin da Buzun ya faɗa haka yake, har ya fi. Farin Goshi ta zubar da cikinta tun a Damargu, aka ɗauka ta tafi ke nan, sai ta miƙe. Da ya juyo da abin da ya rage, ita ce a gaba, ita ke jan sauran, ba ta ɓata hanya ko sau ɗaya ba. Saura tafiyar kwana huɗu a iso gida, a wata rijiya mai busasshen gawo a bakinta, ta durƙusa ta ƙi tashi. Ya yini yana ɗaga ta. Washegari ya zaro wuƙa don ya yanka ta kafin ta zama mushe, ya kama haɓarta, sai ta shiga lasar hannunsa yadda takan lashi kanwa a hannun Habiba. Ya kasa. Ya zuba mata ruwa a fasasshiyar ƙwarya, ya yanki wutsiyar wani jan mushe da ke gefe, ya taho.

"Da ranta na baro ta," in ji shi.

Wasu mata suka fara share hawaye. Habiba kuwa ko ɗigo ba ta zubar ba. Da sayarwa ya yi da ta san inda za ta ajiye abin. Ta matso har bakin tabarmar, inda mata ba sa zuwa.

"Tausayin da ya hana ka sa mata wuƙa, ina ya tafi ranar da ka ɗaure ƙahonta a wuyan sa? Sau uku tana juyowa gida, Yaya. Dabba ta gane, ni na faɗa maka, ka ja ta da igiya. Ta kawo maka shanunka har kwana huɗu da gida, ka bar ta kwance ungulu na jira, ka zo ka miƙo mini wutsiyar mushen wani."

Maikuɗi ne ya sa baki, ya ce ta bar wa Allah, ai wutsiya wutsiya ce, tunda dai saniyar ba za ta tashi ba. Habiba ta juyo ta dube shi har ya kawar da kai. Ta ce da ya ba ta inuwar saurarsa da yanzu ba a wannan zance. Ta ajiye wutsiyar a gaban maigari ta ce a nemi mai ita, ta juya ta tafi.

A ruga ba ta zauna ba. Ta kankare ɗan abin da ya rage na dusa ta ƙulle a zane, ta ɗauki guntun kanwa, da goran ruwa, da wuƙar da take yankan kabewa. Ta je jikin dangwali ta kwance sabon maɗaurin ta cusa a ƙugu. Fadi ta biyo ta tana riƙe da bayanta, tana cewa Inna kwana huɗu ya yi a hanya, ke ma huɗu za ki yi, wace saniya ce za ta kai kwana takwas a kwance? Habiba ta ce ta iya lissafi. Ta ce in ta tarar da rai za ta tashe ta ko da a kafaɗa ne, in kuwa babu, za ta yanko wutsiyar da hannunta, ranar suna a nuna wa abin da za a haifa cewa kakarsa ta yi masa tanadi, ba hannu sake ta tarbe shi ba. Ladi ta iso tana haki, Habiba ta damƙa mata hannun Fadi ta ce ga yarinyar nan, kafin ta sauka za ta dawo.

A bakin burtali ta tarar da Illo tsaye, riƙe da igiyar wata baƙar karsana, mafi ƙwari cikin huɗun da suka tsira. Ya ce ta karɓa, ta jikan ce, halak malak. Habiba ta dubi karsanar, ba ta da laifin komai, ta ce wannan ba ta san uwarsu ba. Ya ce to bari ya raka ta. Ta ce ya riga ya yi rakiyar da zai yi, ya faɗa mata rijiyar kawai. Ya kwatanta mata: ta bi burtali kar ta sake shi, bayan tsaunuka biyu za ta ga gawon, saniyar na gabas da bakin rijiya, kanta na duban gida.

Ta ɗora ƙunshinta a ka ta hau hanya. Burtalin cike yake da masu saukowa, ita kaɗai ke haurawa, suna ratse mata suna binta da kallo. Ba ta yi nisa ba ta ji muryar wata tsohuwa daga cikin matan da suka taru a bakin gari tana tambayar ina kuma Habiba za ta da rana tsaka haka. Ta ji Ladi ta amsa a hankali cewa ta yi arewa.

Habiba ta rage sauri kaɗan, tana sauraro. Babu wanda ya ce madalla.